Hannu Ya Iya, Saura Ƙafa: Tallafin Da Ke Mai Da Makaɗan Fiyano Makaɗan Ogan

Shekarun baya, lokacin da wurin aikina ya tura ni wani kwas na wata tara a ƙasar Ingila, na kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa a wani ɗan ƙaramin gari da ke arewacin ƙasar. Tagar ɗakina tana fuskantar wani tsohon coci ne na dutse, kuma duk ranar Talata da Alhamis, da misalin ƙarfe bakwai na dare, sai in ji wani kiɗa mai kauri yana fitowa daga cikinsa, irin wanda mutum kan ji shi a ƙirji kafin ya ji shi a kunne. Abin da ya dame ni shi ne kiɗan ba ya tafiya. Sai a fara, a ɗan yi nisa, a tsaya cak, a sake komawa farko, tamkar ɗan koyon mota da ke ta kashe ta a kan hawa.

Da abin ya ishe ni sai na tambayi tsohuwar ko wane ne wannan da ya hana unguwa sakat. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ai jikata ce, ka yi mata haƙuri. Hannunta ya iya, ƙafar ce ba ta iya ba tukuna." Daga nan ta ba ni labari. Yarinyar shekararta 16, kuma ta yi shekara tara tana koyon fiyano har ta kai inda ake nuna ta. Dattijon da ya shafe sama da shekara arba'in yana kaɗa musu ogan a cocin kuma ciwon gaɓoɓi ya kama masa yatsu, aka nemi wanda zai gaje shi aka rasa. Ana cikin haka yarinyar ta sami wani ɗan tallafin karatu da aka ware musamman domin masu kaɗa fiyano da ke son koyon ogan. An biya mata kuɗin malami na shekara guda, an saya mata littafi da takalmi, an damƙa mata mabuɗin coci. Abin da aka nema a wurinta kawai shi ne idan ta ɗan yi ƙwari ta riƙa kaɗa wa masu sujada ranar Lahadi, sau ɗaya a wata.

Na san wani mai karatu zai ce me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan wannan shafi da kiɗan cocin Turawa. Amsata ita ce, tun daga wannan dare nake bibiyar al'amarin, kuma na fahimci cewa a ƙarƙashinsa akwai tambayar da ta shafi kowace sana'a mai wuyar koyo, wato yaya ake samar mata magada idan gado ya yanke? Ban da haka, labarin ya biyo ta Bagadaza, ya kuma biyo ta Jos, kamar yadda za mu gani.

Bari in fara da abin da ya ba ni mamaki, wato batun takalmi. A da ina zaton duk abin da ke da fararen madannai da baƙaƙe ɗaya ne, wanda ya iya wannan ya iya wancan. Ashe kama da wane ba ta wane. Fiyano kiɗan duka ne: idan ka danna madanni, wata 'yar guduma ce ke bugun tsirkiya a ciki, idan ka danna da ƙarfi sauti ya fito da ƙarfi, idan ka lallaɓa ya fito a hankali, sannan ya riƙa dusashewa da kansa. Shi kuwa ogan kiɗan busa ne. A ɗauke shi a matsayin ɗaruruwa ko dubban sarewa da aka jera a kan wani akwatin iska, ana hura musu iskar da abin da ya yi kama da zugazugin maƙeri, wanda a da ƙarti ne ke tuƙa shi da hannu ko da ƙafa, yanzu kuma injin lantarki. Madanni ba ya bugun komai, ƙofa kawai yake buɗe wa iska. Don haka ko da ƙarfin Sarkin Dambe ka danna shi, sautin ba zai ƙaru ba, kuma muddin yatsanka na kai ba zai daina kuka ba, da ka ɗaga kuwa ya yanke nan take. Makaɗin fiyano yana da abin takawa da ke riƙe masa sauti ya rufa masa asiri idan yatsunsa sun yi tsalle. A kan ogan babu wannan gata, dole yatsu su riƙa miƙa wa juna madanni ba tare da an bar giɓi ba.

Wannan duk mai sauƙi ne idan aka zo batun ƙafa. Fiyano jeri ɗaya ne mai madannai 88. Ogan kuwa yakan zo da jeri biyu, uku, huɗu har biyar, galibi kowanne da madannai 61, sannan a ƙasa akwai wani jeri na manyan madannan katako 30 ko 32 da ake takawa da ƙafa, da kan yatsu da kuma diddige. Shi ya sa ake da takalmi na musamman, siriri, mai tafin fata domin ya riƙa zamewa, da ɗan tudun diddige. Rubutun kiɗan ma layi uku ne a maimakon biyu, ɗaya na hannun dama, ɗaya na hagu, ɗaya na ƙafafu. Wani dare da tsohuwar ta ja ni muka shiga, domin gani ya kori ji, na tarar da yarinyar cikin rigar sanyi, numfashinta na fita kamar hayaƙi, malaminta yana tsaye yana ta maimaita mata magana ɗaya: kada ta dubi ƙafafunta. Ya bayyana mani cewa babbar matsalar duk wanda ya taso a kan fiyano ita ce hannun hagu. Shekara da shekaru shi ke ɗauke da murya mai kauri, yanzu an ƙwace masa aikin an ba ƙafa, shi kuma ya ƙi yarda, duk inda ƙafa ta nufa sai ya bi ta.

Sai kuma maɓallan da ke jere a dama da hagu, waɗanda ake jawowa domin a buɗe wani rukunin bututai a rufe wani. Da su ake zaɓen murya, ko ta yi taushi kamar sarewa, ko ta yi kaifi kamar algaita, ko ta yi ruri kamar kakaki. Ƙaramin bututu bai wuce fensir ba, babban kuwa yakan kai ƙafa 32, kusan mita 10 ke nan, kuma muryarsa tana kaɗawa ne sau 16 kacal a daƙiƙa, iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke iya kamawa. Ogan ɗin zauren Royal Albert da ke Landan bututai 9,999 gare shi. Na cocin Notre-Dame da ke Faris yana da kimanin 8,000, kuma ko da yake gobarar watan Afrilun 2019 ba ta cinye shi ba, sai da aka kwance shi aka wanke ƙurar dalma daga bututun ɗaya bayan ɗaya kafin a sake jin muryarsa a watan Disambar 2024. Babu ogan biyu da suke daidai da juna, kuma babu wanda zai saya ya kai ɗakinsa. A nan ne na gane dalilin da ya sa a cikin kayan tallafin yarinyar nan, mabuɗin ya fi kuɗin daraja.

Abin mamaki, wannan abin kiɗa ba a coci aka haife shi ba. Wani injiniya mai suna Ktesibios ne ya ƙirƙiro shi a birnin Iskandariya ta Masar a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, yana amfani da nauyin ruwa wajen daidaita iska, kuma Rumawa a filayen wasa suke kaɗa shi. Larabawa sun san shi da sunan urgun, har 'ya'yan Musa bin Shakir, masanan Bagadaza na ƙarni na tara, suka rubuta bayanin wata na'urar busa da ruwa ke tafiyar da ita tana kiɗa da kanta. A shekarar 757 Sarkin Rumawan Gabas, Konstantin na Biyar, ya aika wa Fefin, Sarkin Farankawa, da ogan a matsayin kyauta, kuma sai bayan nan ne sannu a hankali ya shiga majami'un Turai ya zauna daram, har Mozart ya kira shi sarkin kayan kiɗa a wata wasiƙa da ya rubuta wa mahaifinsa a 1777.

A wancan zamani ba a buƙatar wani tallafi, domin sana'ar gado ce kamar ƙira da jima. Zuriyar su Johann Sebastian Bach makaɗa ne kaka da kakanni, shi kansa a hannun yayansa ya fara koyo, kuma a 1705, yana ɗan shekara 20, ya taka da ƙafa daga garin Arnstadt zuwa Lübeck, tafiyar kimanin kilomita 400, don kawai ya saurari Buxtehude, gwanin ogan na lokacin. Hutun mako huɗu ya nema, ya share kusan wata huɗu. A Lübeck ɗin kuwa gadon har da aure ake ɗaure shi. Buxtehude ya sami kujerar ne ya kuma auri 'yar wanda ya gada, don haka shi ma ya sa sharaɗin duk mai son kujerarsa sai ya auri tasa 'yar. Handel da abokinsa Mattheson sun je a 1703, da suka ji sharaɗin sai suka kama hanyar gida. Daga baya hanyar samun magada ta koma ta yaran da ke waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci: yaro yana tsaye kusa da makaɗi tun yana ɗan shekara takwas, yana juya masa shafi, idan muryarsa ta fashe sai ya hau benci.

Wannan igiya ce ta tsinke. Masu zuwa coci sun ragu ainun a Turai da wasu sassan Amurka, ƙungiyoyin mawaƙan yara sun mutu a ƙananan majami'u, waɗanda suka cika da jama'a kuma da yawansu sun koma ga jita da ganguna da ƙaramin fiyanon lantarki. Ƙungiyar Makaɗan Ogan ta Amurka, wadda aka kafa a 1896, ta gudanar da bincike a kan 'ya'yanta a 2015, ta tarar kusan kashi 60 cikin 100 sun kai shekara 58 ko sun haura, waɗanda ba su kai 37 ba kuwa kashi 11 ne kacal. Ga kayan kiɗa na miliyoyin kuɗi a kafe a bango, ga masu kaɗa su suna ta tsufa.

Dabarar da suka yi, a nawa ganin, ita ce abin lura a duk wannan labari. Ba su tsaya jiran yaron da zai fara daga baƙi da wasali ba. Sun duba sun ga cewa a kowane gari akwai yara da manya masu kaɗa fiyano, mutanen da iyayensu suka riga suka kashe kuɗin shekara bakwai ko goma a kansu, sun iya karanta rubutun kiɗa, yatsunsu sun faɗa. Rabin aikin an gama shi. Abin da ya rage shi ne malami, da wurin gwaji, da dalilin da zai sa mutum ya jure. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar ta Amurka take shirya wani zama na kusan mako guda domin matasa 'yan shekara 13 zuwa 18, inda ba a tambayar ko yaro ya taɓa taɓa ogan, iya fiyano kawai ake nema, daga baya kuma aka buɗe irinsa domin manya. Rassanta na garuruwa da dama suna ba da nasu tallafin, kuma tsarin kusan iri ɗaya ne: mai nema ya zo ya kaɗa fiyano a gaban alƙalai, idan ya ci a haɗa shi da malami daga cikin 'yan ƙungiya, a biya kuɗin darussa na wani adadi, a ƙarshen shekara ya fito ya nuna abin da ya koya. Kuɗin sau da yawa 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma galibi hannun malami suke zuwa, ba aljihun ɗalibi ba.

A Ingila akwai Kwalejin Makaɗan Ogan ta Sarauta da aka kafa a 1864, mai shirya jarrabawa da ba da shaidar ƙwarewa, da Makarantar Kiɗan Coci ta Sarauta da Sir Sydney Nicholson ya kafa a 1927, wadda ta daɗe tana kula da waɗanda suke wa laƙabi da makaɗan dole, wato mai fiyanon da limamin coci ya roƙa ya hau benci saboda babu kowa. Jamusawa kuma, da ke da ogan kimanin dubu 50 a ƙasarsu, har hukumar UNESCO ta sa ƙirarsa da kiɗansa cikin kayan gadon ɗan Adam a 2017, suna da kwas na wucin gadi na kusan shekara biyu da majami'u ke ɗaukar yawancin nauyinsa, malamin makaranta ko ma'aikacin banki ya yi shi ya ci jarrabawa ya riƙa kaɗawa ranar Lahadi ba tare da ya bar aikinsa ba. Mu da muka saba idan an ce sikolashif sai tunaninmu ya tafi ga tikitin jirgi da alawus na shekara huɗu, yana da kyau mu san cewa akwai wanda bai wuce kuɗin malami da takalmi ba, kuma yana aiki.

Can a saman tsanin akwai tallafin jami'o'in Okusfod da Kambirij, inda kwalejoji ke ɗaukar ɗalibi ya riƙa kaɗa ogan a ɗakin sujadarsu yana karatun digirinsa. Kuɗin da ake ba shi a shekara 'yan ɗaruruwan fam ne, amma yana samun darasi kyauta, da ogan a hannunsa dare da rana, da ƙungiyar mawaƙa da zai koyi jagoranci a kanta. Edward Heath, ɗan kafinta, wanda ya zama Firayim Ministan Birtaniya daga 1970 zuwa 1974, da irin wannan tallafi ya yi karatu a kwalejin Balliol. Haka kuma wani haifaffen Jos. An haifi Ayo Bankole a 1935, mahaifinsa shi ne makaɗin ogan na cocin Angilika na St. Luke a garin, wato ɗan gado ne. Ya tashi a Legas a ƙarƙashin T.K.E. Phillips, wanda ya riƙe ogan ɗin babban cocin Angilika na Legas tun daga 1914 har kusan shekara hamsin. A 1957 Bankole ya tafi makarantar kiɗa ta Guildhall a Landan, daga nan ya ci tallafin ogan na kwalejin Clare a Kambirij, ya kuma sami babbar shaidar Kwalejin Sarauta. Ya dawo gida a 1966 ya yi aiki a gidan rediyon tarayya, sannan ya koyar a Jami'ar Legas, kafin a yi masa kisan gilla tare da matarsa a 1976 yana da shekara 41. Kafin shi akwai Fela Sowande, shi ma almajirin Phillips, wanda ya je Landan a 1934 ya riƙa cin abinci da fiyano a gidajen kiɗan jaz, ya sami waccan babbar shaida a 1943, ya kuma tsara wa ogan kiɗe-kiɗe a kan karin waƙoƙin Yarbawa. Ɗaya daga ciki sunansa Obangiji, kalmar da kunnen Bahaushe ba zai yi baƙunta da ita ba.

To amma kada in yi ta yabo kamar maroƙi. Tsarin yana da raunin da masu shi ma ba sa musu. Tallafin da sharaɗinsa shi ne ka riga ka iya fiyano, tun daga ƙofa ya tace 'ya'yan talakawa, domin gidan da ke da fiyano da kuɗin malami na shekara tara ba gidan da ake kwana da yunwa ba ne. Mai abu aka ƙara wa. Shi ya sa na ji daɗin abin da wata ƙungiyar ceto tsofaffin ogan ta yi a 2022, da ta ɗauko wani daga cocin da aka rufe ta kafa shi a tashar jirgin ƙasa ta London Bridge, duk mai wucewa ya zauna ya taɓa. Akwai kuma batun mata. Da yake ta hanyar yara mawaƙa ake samun magada, kuma manyan majami'un Ingila maza kawai suke ɗauka har sai da Salisbury ta kafa ƙungiyar 'yan mata a 1991, an yi ƙarnoni ana zubar da rabin masu baiwa. Ta ƙofar fiyano da yawansu suka shigo. Anna Lapwood, wadda aka haifa a 1995, sai da ta kai shekara 16 ta fara ogan, ta zama mace ta farko da ta ci tallafin kwalejin Magdalen a tarihinta na sama da shekara 550, a 2025 kuma zauren Royal Albert ya naɗa ta makaɗiyarsa. Hotunan bidiyon da take ɗauka cikin tsakar dare tana gwaji ta sa a TikTok sun kai wannan kiɗa kunnen miliyoyin matasan da ba su taɓa taka ƙofar coci ba.

Rauni mafi girma dai shi ne na abinci. Tallafi yana iya koya wa mutum sana'a, amma ba ya iya sa sana'ar ta ciyar da shi. Ban da 'yan kujeru ƙalilan a manyan majami'u da jami'o'i, abin da ake ba makaɗin ogan a ƙaramin coci ɗan na goro ne, wani wurin ma godiya ce kawai, alhali ana so ya zo kowace Lahadi, da ɗaurin aure, da jana'iza, da gwajin mawaƙa a tsakiyar mako. Wasu majami'un sun huta da wannan duka, sun sayi na'urar da ke ɗauke da waƙoƙin sujada, a danna lamba ta kama kaɗawa. Na taɓa tambayar malamin yarinyar nan me ya raba shi da na'urar. Ya ce na'ura ba ta jin numfashin jama'a. Idan tsofaffi sun yi yawa a ranar, makaɗi yakan ɗan jira su a ƙarshen kowane baiti, idan jana'iza ce muryoyi suka karye, yakan ƙara sauti ya ɗauke musu nauyin har su dawo. Ya ce wannan ne abin da ya fi wuyar koya wa mai fiyano, domin shi ya saba a yi shiru a saurare shi, a nan kuwa shi ne zai saurara.

Ana saura mako biyu in dawo gida yarinyar ta yi Lahadinta ta farko. Daga tagata na saurara. Waƙa uku ta kaɗa, biyu da hannu kawai, ta ukun ce ta sa ƙafa, kuma na ji lokacin da muryar nan mai kauri ta shigo daga ƙasa har gilashin tagar ya ɗan yi rawa. Ba ta tsaya ba, ba ta koma farko ba. Kakarta ta dawo tana share ido, ta ce dattijon mai ciwon yatsu yana zaune a layin gaba yana taka ƙasa da ƙafafunsa tun daga farko har ƙarshe.

Mun ci gaba da musayar katin gaisuwa da tsohuwar na wasu shekaru. A cikin na ƙarshe da na samu ta rubuta cewa jikar tata ta tafi jami'a a wani babban birni tana karatun haɗa magunguna, kuma wani coci a can ya yi caraf ya ɗauke ta, har suna biyan ta abin da take rage kuɗin haya da shi. Nasu cocin kuwa an haɗe shi da wasu uku a ƙarƙashin limami ɗaya, sujada sau biyu a wata. Ta ce mabuɗin yana nan a rataye a bayan ƙofar kicin ɗinta, kuma ta ji an ce akwai wani yaro ɗan gidan mai sayar da kifi da ke taɓa fiyano, tana so ta je ta yi magana da uwarsa.